Ba Tasi'u Ba Ne

Talata, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo daga kasuwar Mafara hannu biyu. Ban sayo atamfar ba, ban sayo komai ba. Saifullahi ya tambaye ni ina sayayyar, na ce kasuwa ta cika kuma kaina na ciwo. Shekara tara muna aure, ban taɓa yi masa ƙaryar da ta fita da sauƙi haka ba.

Wannan littafin na tsara darasin 'yan aji huɗu ne. Na juya shi ta baya ina rubutu, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Na ga hannun.

Laraba, 3 ga Yuli, kafin in tafi makaranta

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zan daina ganinsa.

Na bi ta gefen kara, inda ake cinikin shanu, don in yanke hanya zuwa tashar Bakura. Wani dogon mutum na tsaye ya dafa ƙahon bijimi da hannun hagu, yana ciniki yana dariya. Babban yatsansa guntu ne, rabi kawai, kan ya warke sumul. Wani mai babur ya tare masa hanya, sai ya ce masa, "Sauka, sauka mana." Na tsaya ina kallon hannun.

Hannun nan ne ya riƙe kan babur ɗinmu a hanyar Faru cikin watan Nuwamba, ranar da aka sari Saifullahi a kafaɗa aka gudu da babur ɗin. Ina zaune a bayansa. Mutumin ya rufe fuska da rawani. Yatsan nan na yi ta kallo har abin ya ƙare, don na kasa ɗaga kai.

Wanda aka kama shi ne Tasi'u, mahauci a Mafara. A hannunsa aka sami babur ɗin. Ya ce saye ya yi wurin wani baƙo, ba takarda. A kotu aka tambaye ni ko shi ne, na ce shi ne. Shekara biyar aka yanke masa. Wata biyar ke nan yana gidan yari.

Ban san yadda yatsun Tasi'u suke ba. Ban duba ba.

Alhamis, 4 ga Yuli, da azahar

Na koyar da rabawa sau biyu a aji ɗaya.

Juma'a, 5 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na gaya wa Saifullahi. Yana zaune a tabarma yana matsa ƙwallon robar da likita ya ba shi, don har yanzu yatsun hannun daman ba su rufuwa. Ya saurara har na gama, bai daina matsawa ba.

Ya ce, "Naja'atu, wa kika gaya ma bayan ni?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To shi tsaya nan. Kotu ta gama. Mutumin da kika gani, kin san su wa ke bayanshi? Kin san inda yake kwana? Shi ya san inda muke kwana in ya so. Ga Amira, shekararta huɗu."

Na ce, "Baban Amira, wani na ɗaure."

Ya ce, "Babur ɗina a hannunshi aka samu. Ba waliyyi ba ne."

Na tashi na ɗora tukunya. Ban sa mata ruwa ba sai da na ji ƙauri.

Asabar, 6 ga Yuli, da hantsi

Wataƙila ba shi ba ne. Masu guntun yatsa suna da yawa a kara, igiya na cin yatsu.

Asabar, da la'asar

Shi ne.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan azahar

Na ce wa shugaban makaranta zan je asibiti. Kotun Mafara na je.

Magatakardan kotun, Malam Audu, ya gane ni. Muka gaisa, ya tambayi jikin maigidan, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen Bakura. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya tashi ya tura ƙofa. Ya ce in sake faɗa a hankali. Na sake. Ya ce in jira har a tashi zama.

Na jira awa uku a benci. Mai shari'a bai yarda in shiga ofishinsa ni kaɗai ba, sai da Malam Audu a tsaye. Bai ce in zauna ba. Na faɗa masa duka. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure na yi. Na zo in janye maganata, a sake shi."

Ya cire tabarau. Ba da faɗa ya yi magana ba, da ma da faɗa ne.

Ya ce, "Malama, ranar da na karanta hukuncin nan na sa hannu, aikina a kansa ya ƙare. Da suna aka rubuta ba daidai ba, ko kwanan wata, zan iya gyarawa. Amma in buɗe shari'ar da na rufe, in ce wanda na kama da laifi ba shi da laifi, doka ba ta ba ni wannan ba. Ko da na yarda da ke ɗari bisa ɗari."

Na ce, "Amma kai ka ɗaure shi."

Ya ce, "Ni na ɗaure shi, da bakinki."

Ya ce hanya ɗaya ce, ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, kuma bai kamata ma ya ƙara mini ko kalma ba. A waje Malam Audu ya rubuta mini sunan wata lauya a bayan wata tsohuwar takarda. Barista Mufida. Ya ce tana taimakon fursunonin da ba su da kowa.

A mota na yi ta kallon gonakin shinkafa. Ni na zaci magana ce da baki ya ɗaura, baki zai kwance.

Talata, 9 ga Yuli, da safe

Yau kasuwa. Mai guntun yatsan yana can.

Alhamis, 11 ga Yuli, da yamma

Ofishin Barista Mufida ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin magani. Ba ta kai ni shekaru ba. Ta bar ni na yi kuka na gama, ta miƙo mini ruwa, sannan ta ce bari ta faɗa mini gaskiya tun yanzu.

Ni ba zan iya ɗaukaka ƙara ba. Shaida ce ni kawai. Tasi'u ne zai yi, kuma shi da kansa zai sa hannu a takardar. Kwana talatin doka ta ba shi bayan hukunci, sun wuce tun watan Maris, don haka sai an fara roƙon babbar kotu ta ƙara masa lokaci. Tana iya ƙi. In ta yarda ma, ba sabuwar shari'a za ta yi ba. Abin da aka rubuta a kotun farko za ta karanta, ta duba ko alƙali ya kauce wa doka. A rubuce kuwa bai kauce ba. Ga babur, ga shaidar gani da ido.

Na ce, "To ni zan je in gaya musu."

Ta ce, "Sai sun ba da izini. Sabuwar shaida ba su karɓarta sai wadda ba a iya samu ba lokacin shari'a. Ke kuwa kina nan lokacin shari'a, Malama. Za su ce me ya hana ki faɗa a lokacin. Za su ce ko danginsa ne suka lallashe ki. Kuma shaidar da ta canza magana bayan rantsuwa, ana iya tuhumarta ita ma. Kin gane?"

Na ce na gane.

Ta ce, "Ƙarshen watan nan manyan kotuna za su tafi hutu. In ba mu shigar kafin nan ba, sai Oktoba."

Sannan ta tambaye ni, "A kotu kin kalli hannunsa?"

Na ce ban tuna ba. Ta rubuta wani abu, ba ta ɗago ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan asuba

Na yi sallah na manta raka'a ta nawa nake. Na sake. Na sake mantawa.

Litinin, 15 ga Yuli, da la'asar

Barista ta je gidan yari da takardar. Ta kira ni da ta fito. Ta ce ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ya saurare ta da ladabi har ta ambaci sunana. Daga nan ya tura takardar gabanta.

Ya ce matar da ta dube shi ta ce shi ne, yanzu ita ce za ta fitar da shi? Ya ce wata dabara ce don a ƙara masa shekaru. Ba zai sa hannu a kan komai da ya bi ta hannuna ba.

Ta ce mutum ɗaya yake jin maganarsa, mahaifinsa, Baba Ɗan Juma. Shi ke riƙe da teburin naman yanzu.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan azahar

Na je gidansu a Mafara. Tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya fito zaure ya gaishe ni kamar baƙuwar kirki. Lahiya lau, ina gajiya, ina gida, ina ruwa, ina mai jiki. Bai bar ko ɗaya ba. Ya san ko ni wace ce tun daga sallama.

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗiyata, ranar da kika yi magana, kotu cike take. Mahauta duk suna nan. Tun ran nan ba mai sayen nama ga teburinmu sai baƙon da bai sani ba. Matatai ta koma gidansu da goyo. Yanzu kin zo zaure, ni da ke da bango, kin ce ba shi ne ba. Wa ya ji?"

Na ce, "Baba, tsoro nake ji."

Ya ce, "Shi ma can tsoro yake ji. Ki gaida gida."

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Saura kwana takwas a rufe kotu.

Alhamis, da magariba

Saifullahi ya ga takardar Malam Audu a jakata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in na sake taka Mafara a kan maganar nan, in wuce Maradun gidanmu kawai, kada in biyo ta Bakura. Ya ce ba saki ba ne. Ya ce shi dai ba zai zauna yana jiran a zo a ƙarasa shi a gaban 'yarsa ba.

Ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ni nake wanke masa raunin nan wata biyu.

Asabar, 20 ga Yuli, da rana

Ruwa tun safe. Amira na barci. Zan rubuta, in ya so in yage.

Na duba.

Ranar shari'a Tasi'u ya dafa katakon da ke gabansa da hannu biyu. Ina tsaye kusa da shi kamar daga nan zuwa randa. Yatsunsa goma cif. Na gani kafin a tambaye ni. Na ce wa kaina wataƙila a ruɗe nake ranar Faru, wataƙila yatsan a lanƙwashe yake. Saifullahi na zaune a benci na gaba da hannu a rataye. 'Yan uwansa sun cika mota daga Faru. Kowa ya riga ya san shi ne. Aka ce, "Shi ne?" Na ce, "Shi ne."

Ba wanda ya tambaye ni hannu. Ni ma ban ce ba.

Ba kuskure ba ne irin wanda na gaya wa mai shari'a.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ban yage ba.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Na kira Barista na karanta mata shafin Asabar. Ta ce, "Na sani tun ranar da kika zo ofishina." Ta ce wannan ya ƙara wa lamarin wuya, don yanzu ba za mu ce ban sani ba sai daga baya. Amma in za ta rubuta mini takardar rantsuwa, gaskiyar za ta rubuta duka, ko kada ta rubuta. Ta ce in kwana in yi tunani. Na ce na yi kwana ashirin ina yi.

Talata, 23 ga Yuli, Maradun, bayan la'asar

Na haɗa kayan Amira da nawa a jaka ɗaya tun da safe. Saifullahi na kallo, bai hana ba.

A Mafara na ajiye Amira wurin ƙawata a tasha na shiga layin mahauta. Baba Ɗan Juma na zaune bayan tebur yana kore ƙuda, naman bai ragu ba. Na tsaya. Na yi sallama da ƙarfi irin na aji. Wuƙaƙe suka tsaya.

Na ce, "Ni ce Naja'atu matar Saifullahi na Bakura, wadda ta ba da shaida a kan Tasi'u. Ba shi ba ne. Na san ba shi ba ne tun ina tsaye a kotu, na ce shi ne. Allah ya gani, ku ma ku ji."

Ban ambaci wancan mai guntun yatsan ba. Ban kalli wajen kara ba. Amma kara ba ta da nisa, kuma magana a kasuwa ba ta zama wuri ɗaya.

Wani ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Wata mata da ta zo sayen hanta ta ce Allah ya isa. Baba Ɗan Juma ya tashi, ya goge hannu a riga, ya ce wa na kusa da shi ya duba masa tebur. Ya ce da ni, "Ina lauyar take?"

A Maradun, Innata ba ta tambaye ni komai ba da ta ga jaka. Ta karɓi Amira, ta shimfiɗa mini a ɗakinta.

Laraba, 24 ga Yuli, da azahar

Tasi'u ya sa hannu. Barista ta ce uban ne ya riƙe masa takardar.

Na je na yi rantsuwa a kan tawa. Shafi uku. Jami'in ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kin san abin da kike sa wa hannu?" Na ce na sani.

Alhamis, 25 ga Yuli, da yamma

Wani babur ya tsaya ƙofar gidanmu ya daɗe bai kashe inji ba. Na ɗauki Amira na shige bayan rumbu. Mai kawo wa Inna gero ne.

Saifullahi bai kira ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, bayan mun dawo

Minti goma sha biyu zaman babbar kotu ya ɗauka. Na duba agogon bango.

Lauyan gwamnati ya ce an makara, kuma shaidar da ke da magana biyu ba abin dogaro ba ce. Barista ta yi magana, rabi ban gane ba. Mai shari'a na babbar kotu ya yi rubutu ya daɗe. Ya ce ya ƙara wa Tasi'u lokaci, an karɓi ƙararsa. Beli kuwa a'a, don mai hukunci a kansa ba kamar wanda ake tuhuma ba ne. Maganar ko za a saurare ni, sai bayan hutu. Sha huɗu ga Oktoba.

Na tashi tsaye ban sani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan, yanzu ma zan faɗa." Ɗan sandan kotu ya ce in zauna. Mai shari'a bai dube ni ba, ya ce a kira ƙara ta gaba.

A waje Barista ta ce wannan nasara ce. Na ce ƙafafunsa fa? Ta ce za ta rubuta a kai shi asibiti. Na ce in ranar ta zo suka ƙi saurarena fa? Ta ce to sai kotun da ke sama da wannan. Na ce shekara nawa? Ta shiga tattara takardunta.

Baba Ɗan Juma ya tambaye ni me aka ce, don da Turanci aka yi. Ni na fassara masa. Ya ce, "Wato sun ji ba shi ne ba, kuma shina komawa ciki." Na ce ba su ji ba tukuna, Baba, sun dai yarda za su duba ko za su ji. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ni ma da na faɗa ban gane ba.

Asabar, 27 ga Yuli, da hantsi

Saifullahi ya zo. A zaure ya tsaya, ya gaida Inna, ya ɗauki Amira da hannun hagu. Bai ce in koma ba. Da zai tafi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ma ban ga huskarshi ba ranar. Da kika ce shi ne, sai na ji sanyi." Ya ce zai kwana biyu a Faru wurin 'yan uwansa, yana da maganar da zai yi da su.

Litinin, 29 ga Yuli, bayan la'asar

Tasi'u ya aiko a ce in zo. Na bi Baba Ɗan Juma ranar ziyara.

Ƙarfe ne tsakaninmu. Ya fito yana jan ƙafa. Ya gaida ubansa, sannan ya gaishe ni, har ya tambayi jikin maigidana. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malama, ba haƙuri na kira ki ki ba ni ba. An gaya min abin da kika yi a kasuwa. Abu ɗaya nake son sani. 'Yata an haife ta ina nan ciki, ban gan ta ba. In ta girma aka ce mata ubanta ɗan fashi ne, kina da ran da za ki gaya mata da bakinki?"

Na ce in ina raye zan gaya mata.

Ya ce, "In kotu ta ƙi jinki fa?"

Na ce ko ta ƙi.

Mai gadi ya ce saura minti biyu.

Ya ce, "Ban yafe ba. Kada ki tahi da tunanin na yafe. Wataƙila wata rana, ban sani ba."

Na ce, "Na ji."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce wa ubansa a gaya wa matarsa ta kawo yarinyar kotu ranar sha huɗu, ko daga nesa ne ya gan ta. Ya ce ta sa mata kaya masu haske, don ya gane ta cikin mutane.